Baƙin Mai a Ƙarƙashin Fiffike

Yaya Mai Fenti,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da abokan aikinka, kuma teku bai juya maka hanji ba kamar wancan karon. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu a tsaye kake cin abinci kamar wanda aka biyo. Ni ma lafiya lau, sai gajiyar makaranta.

Baba ne ba lafiya. Na so in ɓoye maka har jirginku ya dawo, amma Mama ta ce kawunka ne, a hannunsa ka tashi tun rasuwar Gwaggo, kuma ba a ɓoye wa ɗa ciwon uba. Sati uku ke nan da ya faɗi a bakin famfo yana wanke hannu. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace. Yana gane mu, yana jin abin da ake faɗa, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa: "mai". Da safe mai, da rana mai. Mama ta ce kai yake kira, sauran sunan ne yake maƙale masa a wuya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ƙaramin jirgin roban da ya shekara biyu yana haɗawa, samfurin jirgin kayan nan mai farfela biyu da ya yi wa aiki lokacin yana bakanike a filin jirgin sama? Ya gama haɗa shi, ya yi masa shafin farko ruwan toka, fenti kawai ya rage. Yana nan kan teburin ɗakinsa, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsa. Gadon Baba yana fuskantar teburin, wuni yake yi yana kallonsa. Ranar nan na ɗauke shi na kai falo don kar ya riƙa tayar masa da hankali, wallahi ya rufe baki ya ƙi karɓar ko cokali ɗaya sai da na mayar.

Ina so in ƙarasa masa. A aljihun teburin na samu gwangwanin fentin fesawa ruwan azurfa, da ƙananan kwalabe na baƙi da ruwan ƙasa, da burusai sirara kamar gashin ido, da wani gwangwani na ruwa garai marar launi. A littafinsa na hotuna wasu jiragen fes suke kamar yau aka ƙera su, wasu kuma an tsufar da su da gangan, an yi musu hayaƙi da ƙujewa da datti. Wanne Baba yake so? Ni malamar lissafi ce, ko kujera ban taɓa yi wa fenti ba. Kai ne ka zauna gefensa shekara da shekaru kana miƙa masa gam in yana irin wannan aiki. Ka gaya mini.

Taka,
Malama

*

Malama ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iske ni a tashar da muka tsaya ɗaukar kaya, wakilin kamfani ne ya hawo da ita cikin jaka. Lafiyata ƙalau. Ki gaya wa Mama yanzu a zaune nake ci, don in ka tsaya a nan sai ka tsinci kwanonka a ƙasa.

Na karanta labarin Kawu sau uku kafin ya shiga kaina. Mutumin da yake zura zare a ramin da ido ba ya gani, a ce yau cokali ya gagare shi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Da na zo inda kika ce yana kirana, sai na ninke takardar na tafi wajen kyaftin kai tsaye da kayan aiki a jikina. Ya saurare ni, mutumin kirki ne, amma ya ce babu wanda zai maye gurbina, kuma takardata ba ta ba ni damar sauka a ƙasar nan ba. Saura wata biyar kwantiragina ya cika. Na fito na koma kankare tsatsa, ban san abin da hannuna yake yi ba.

Batun jirgi. Ki fara wanke shi da ruwan sabulu mai ɗumi, a hankali, don maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Ki bari ya bushe sarai. Ki fita da shi tsakar gida lokacin da babu iska, ki girgiza gwangwanin azurfar har hannunki ya gaji, ki fesa daga nesa kamar taƙi ɗaya da rabi. Kar ki tsaya wuri ɗaya, ki riƙa wucewa kamar mai shara. Shafi uku marasa kauri, tsakaninsu ki ba da awa guda. Na san ki da gaggawa, tun kina ƙarama ba kya bari shayi ya huce, to wannan ba a yi masa haka.

Gwangwanin marar launi shi ne na ƙarshe, shi ke rufe komai. Duk abin da ya shiga ƙarƙashinsa ya zauna ke nan, ba ya goguwa. Kar ki kusance shi tukuna. Kwalaben baƙi da ruwan ƙasa ma ki bar su sai na zo. Tsufar da jirgi aikin ido ne, a takarda ba zan iya koya miki ba.

Ki riƙe hannun Kawu na hagu ki ce masa na ji kiran, ina hanya, ruwa ne ya tsare ni.

Yayanki,
Mai Fenti

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Mama lafiya, sai ciwon baya na ɗaga Baba da kwantar da shi. Ni na ɗauki hutu a makaranta. Baba yana nan yadda yake, sai dai ya rame, zoben hannunsa har ya fara zamewa. Sati biyar takardarka ta yi a hanya. Har na fara jin kunyar zuwa gidan waya.

Na karanta musu ita a ɗaki, kamar yadda nake yi da duk saƙon da ya zo. Mama ta yi dariyar maganar kwano. Da na zo inda ka ce ka ji kiran, Baba ya girgiza kai. Na ɗauka kukan daɗi ne zai yi.

Na yi fentin. A shafi na biyu na matsa kusa da yawa, ya zubo a jela kamar hawaye, sai da na jira kwana biyu na goge wurin da samfefa mai laushi na sake. Ka yi dariyarka, na yarda. Amma ya fito, Yaya. Yana ƙyalli kamar sabon tire. Na ɗora shi a faranti na kai masa gaban gado ina murna kamar 'yar aji ɗaya da ta ci jarrabawa. Ya dube shi daga hanci har jela. Sai ya ɗaga hannun hagu, ya kai yatsa ƙarƙashin fiffike, ya ce mai. Na ce, "Baba, Yaya yana teku, ni na yi maka." Ya sake cewa mai, da ƙarfi har miyau ya zubo. Daga nan ya ture farantin ya juya fuska bango.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi. Ni nake juya shi, ni nake goge masa baki, ni nake yanke masa farce, amma kai yake nema. Na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska. Na san ba laifinka ba ne, amma da kana kusa da na zage ka, in ya so ka rama, ai taubashi ba ya fushi.

Ka ce in jira ka zo. Likita ya ja ni gefe ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma na biyun ba ya sallama. Ban gaya wa Mama ba. Ina zan samo wata huɗu in ajiye maka? In akwai abin da ka sani game da jirgin nan wanda ban sani ba, ka faɗa mini yanzu.

Malama

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da ciwon baya, ina gaida Kawu. Ni lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, jirgi yana rawa.

Ba ni Kawu yake kira ba. Shekaranjiya na gane. An tura ni in shirya bangon ɗakin inji kafin fenti, sai na ga wani siririn layin baƙin mai ya gangaro daga wata mahaɗa. Na sa tsumma na goge ba tare da tunani ba. Ina gogewa sai na tuna, na zauna a ƙasa. Man inji yake nufi, Malama. Kin ce ƙarƙashin fiffike ya nuna miki.

Kina shekara bakwai lokacin da ainihin jirgin, wanda Kawu yake wa aiki, ya faɗi da mutum huɗu, cikinsu har da matuƙin da yake kawo miki alewa. Abin da kika sani shi ne abin da kowa ya sani, cewa masu bincike sun ce hadari ne ya kayar da shi, kuma babu laifin kowa a ƙasa. Zuwana na ƙarshe, muna zaune a teburin nan yana manna farfela, Kawu ya gaya mini saura. Da safiyar ranar yana zagaya jirgin ya ga layin mai a ƙarƙashin injin dama, faɗinsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya goge, ya ƙara ɗaure mahaɗar, ya sa aka tayar da injin, man bai sake fitowa ba. Ana ta matsa masa kaya sun makara. Ya sa hannu a takarda. Bayan minti arba'in da tashinsu aka daina jin su.

Na ce masa, "Kawu, ai an ce hadari ne." Ya ce, "An ce. Amma su ba su ga abin da na goge ba, kuma ba su tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba." Ya ce bai sani ba ko man ne, kuma ba zai taɓa sani ba. Sai ya ɗaga ƙaramin jirgin ya ce wannan ba za a yi masa kwalliya ba, zai mayar masa da abin da ya goge. Ya sa na yi alkawarin ba zan gaya miki ba. Ga shi na karya.

In za ki yi, ga yadda ake yi. Ki haɗa ɗigon baƙi da ɗigon ruwan ƙasa, ki tsinka su da tina, ruwan nan na tsinka fenti, har su zama kamar shayi marar madara. Ki ɗiga ɗan kaɗan a ƙarƙashin injin dama, damar matuƙi in yana zaune a ciki. Sai ki ja shi baya da busasshen burushi, yadda iska za ta ja shi a sama. In ya ɓaci, auduga da tina za su ɗauke shi muddin ba ki fesa na ƙarshe ba.

Ban ce ki yi ba, ban ce kar ki yi ba. Ni ma ban san wanne ne jinƙai ba.

Yayanki

A bayan takarda: Na manta ban rubuta a sama ba. Wannan ki karanta ke kaɗai. Kar Kawu ko Mama su ji.

*

Yaya,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ina fatan kai ma haka.

Wa ya koya maka rubuta gargaɗi a bayan takarda? Ina dawowa daga gidan waya na shiga ɗakin Baba da takalmina, na ce ga saƙon Yaya. Mama tana bakin gado tana ba shi ruwa. Na fara karantawa da murya. Da na ji inda zancen ya nufa na so in tsaya, sai Baba ya damƙe wuyan hannuna da hannun hagu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Na ce, "Baba, in bari?" Ya girgiza kai. Na ce, "In ci gaba?" Ya ƙara matse ni. Haka na karanta har ƙarshe, har da inda ka ce ka karya alkawari. Sai da na juya takardar na ga layinka. Mama ta ajiye kofin ta fita.

Washegari na yi. Na jawo teburin gaban gadonsa don ya gani. Na farko ya fito kamar kashin ƙuda, na goge. Na biyu ya ɗan yi kama, ɗan gajeren layi kamar rabin tsinken ashana. Na ɗaga masa cikin jirgin ya gani. Ya daɗe yana kallo, hawaye yana bin gefen da ya karkace. Ya ce mai, a hankali. Ban sani ba ko cewa yake haka ne, ko cewa yake bai yi ba. Na tambaye shi ta kowace hanya, ya ɗaga yatsa in ya yi, ya rufe ido in bai yi ba. Ya ɗaga yatsan kuma ya rufe idon.

Mama ta tare ni a kicin. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina tsare sunan mutumin nan. Matan waɗanda suka mutu suna gaishe ni a hanya, 'ya'yansu suna zuwa duba shi. Ke kuma kin ɗauki burushi kin rubuta masa laifin da hukuma ma ba ta rubuta ba. In ya tafi, wannan za ki ajiye a falo kowa ya tambaya?" Na ce, "Mama, shi yake so." Ta ce, "Mai ciwo yana son abubuwa da yawa. Ki goge."

Ga inda nake. Jirgi yana kan tebur da layinsa, auduga da tina suna gefe guda, gwangwanin ƙarshe yana ɗaya gefen. In na goge, na sake yi masa abin da ya shekara ashirin da biyu yana cin sa. In na fesa, na saɓa wa mahaifiyata a kan abin da ba ya gyaruwa. Shi kuma wanda zai raba gardamar ba shi da baki. Kai ka jefa ni, sai ka fitar da ni.

Malama

*

Malama,

Gaisuwa gare ku duka. A gurguje nake rubutawa, awa biyu kawai za mu yi a nan, kuma sati huɗu takardarki ta yi tana jirana.

Na cuce ki, na cuci Mama, na tona wa Kawu asiri a gaban iyalinsa yana kwance ba ya iya kare kansa. Tun da na karanta ban iya haɗa ido da kowa ba. Ki ba Mama haƙuri a madadina, ki ce mata ɗanta ne ya yi wauta.

Ki goge. Na yi ta juya abin, nan na tsaya. Kawu ya yi niyyar ne yana da lafiya, da hannunsa, kuma yana iya fasawa a ranar ƙarshe, mutum yakan fasa. Mu ba mu da ikon rufe masa ƙofar. Mama ce za ta zauna da jirgin nan a gida bayan kowa ya watse. Ki bar shi da azurfarsa, kar ki fesa komai. In na zo sai mu zauna mu uku a gabansa mu sake tambayarsa. Saura sati bakwai. Na sake roƙon kyaftin, amsar ba ta canza ba.

Yayanki mai laifi

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Mama tana amsawa, ta ce ba ta riƙe ka da komai ba. Baba yana da rai. Na fara da wannan don kar ka tsallake layi kana nema.

Takardarka ta zo jiya. Ta makara da kwana tara.

Na yi ta jiran amsarka, jirgin yana zaune yadda na gaya maka. Kullum Mama in ta shigo shara sai ta dube shi ta dube ni. Ran nan da hantsi ina canza wa Baba riga, ta shigo da tsumma a hannu, ta jiƙa shi da tina, ta ɗauki jirgin ta kifa shi a tafinta. Baba yana kallonta. Ta daɗe a tsaye har tinar ta fara bushewa a tsumman. Sai na ji ta ce, "Ba haka yake ba."

Na ce, "Mama, me?"

Ta ce, "Ya fi wannan tsawo. Har bakin fiffike ya kai, kuma a ƙarshe ya rabu biyu."

Ashe ta sani, Yaya. A ranar da jirgin ya faɗi ya gaya mata komai, har yadda layin yake, da ya dawo gida bai ko cire kayan aiki ba. Ita ce ta riƙe ƙafarsa ta ce ya yi shiru saboda ni da kai, don in aka kore shi ba mu da wani. Ta faɗi wannan tana kallonsa, ba ni take gaya wa ba. Ta ce, "Ni na hana ka faɗa. Ka ji, na faɗa da bakina." Ta ajiye tsumman ta ce in ba ta burushi. Matar da ba ta zura allura sai da tabarau, ta ja layin nan har bakin fiffike, ta raba shi biyu, hannunta ko rawa bai yi ba. Ta kai masa gaban ido ta ce, "Haka ne?" Ya ɗaga yatsa. Wannan karon idonsa a buɗe.

Ta miƙo mini ta ce, "Je ki fesa. Na gaji da tsayuwa da tsumma." Na ce mu jira takardarka. Ta ce ta yi jiran da ya ishe ta. Da ya bushe na fita tsakar gida na fesa, shafi biyu. Ya zauna.

Tun ranar Baba bai sake cewa mai ba. Bai kuma ce wani abu ba. Yana karɓar abinci, yana barci fiye da da, in an shigo yana bin mutum da ido. Jirgin yana kan tebur amma ba ya wuni yana kallonsa. Mama ta ce ya samu sauƙi ne. Likita ya ce yana iya yiwuwa ciwon ne ya ƙara ci, ba a ganewa sai an yi hoto, kuma ko an gani babu abin da za a ƙara masa. Ni ina zaune tsakaninsu. Wani lokaci in ga kamar mun sauke masa kaya, wani lokaci in ga kamar kalma ɗaya ce ta rage wa mutum muka karɓe. Jiya na durƙusa na ce, "Baba, ka ce wani abu, ko zagina ne." Ya ɗora hannu a kaina kawai.

Da takardarka ta zo da wuri, wataƙila da na goge. Ban sani ba ko da ya fi. Kar ka ba ni amsa a kan wannan, ba ka da ita.

Na wanke burusan na mayar aljihun tebur. Aikin jirgi ya ƙare, babu sauran abin da zan tambaye ka. Ranar da aka sake ka kar ka tsaya sayen tsaraba. Ka dai zo.

Ƙanwarka,
Malama